Ni Na Sa Shi Ya Kai Wa Manaja Doya

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk masu karanta wannan fili. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe ku da haƙurin sauraren damuwar mutane. Don girman Allah kada a buga sunana, kada kuma a yi saurin tsine mini sai an ji ƙarshen maganar. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara ce ba ni da ita, kuma lokaci yana neman ƙure mini.

Ni mutumin Minna ne, a Tudun Wada na tashi. Ina aiki a wani kamfanin Turawa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, masu sayen gyaɗa da auduga da kaɗanya, su sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba. Da masinja na fara, ina share ofis ina kai saƙo tasha, da ɗan guntun karatun elementare da na yi da kuma naci na yi ta leƙen hannun akawuna har aka mai da ni ƙaramin akawu. Tun kafin a yi yaƙi nake kan wannan kujera. Babban akawunmu dattijo ne mutumin Kudu, ya ce in an gama cinikin gyaɗar bana zai koma garinsu ya huta. Kowa a kantin ya ɗauka ni zan gaje shi, ni ma na ɗauka, har maiɗakina ta fara tsokanata, in ta kawo mini abinci ta ce a gafarta babban akawu.

To, ana haka sai ga wani saurayi da zan kira shi Yohanna, amma ba sunansa ba ne. Mahaifinsa manomin doya ne a Garatu, mu Baba muke ce masa. Marigayi mahaifina fataucin doya yake yi, a wurin Baba yake saye, har abin ya wuce ciniki ya zama zumunci. Shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo damina guda bai fita ba, daga rumbun Baba muka ci, bai taɓa bari an yi masa godiya ba ma. Su Kirista ne mu Musulmi, ba a taɓa jin kanmu ba. Shi Yohanna ya yi makarantar mishan ya gama da kyau, sai Baba ya riƙo hannunsa har zaurena ya ce, “Ɗana, ga ƙanenka. Ni gona na sani, ban san ofis ba. Abin da ka ce ya yi, shi zai yi.” Na ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka, ya zo gida.” Ni da ƙafata na kai shi gaban Manaja, aka gwada shi rubutu da lissafi, aka ɗauke shi aikin gwaji, in ya yi kyau a tabbatar da shi.

Wallahi da farko da zuciya ɗaya na riƙe shi, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ce masa ya riƙa riga Manaja zuwa ko da ruwa ake tsugawa. Na ce rigarsa ko ɗaya ce ta zama wankakkiya. Na ce in an ba shi aiki bai gane ba ya tambaya nan take, don Baturen nan ya fi jin haushin mai cewa “to” bai gane ba a kan mai tambaya sau uku. Na ce in yana magana da shi ya ɗaga kai ya dube shi, don shi sunkuyar da kai da muke yi na ladabi, rashin gaskiya yake ɗaukarsa. Na ce kada ya shiga tsegumin lebura, kada ya ce ya iya abin da bai iya ba, in ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa kafin a gano. Duk ya ɗauka, kuma duk ya amfane shi. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne yaron zai fi ni. Tafireta da nake tsinka da yatsu biyu kamar kaza na tsince gero, shi da yatsu goma yake bugawa bai ko duba ba. Turancinsa kuwa Manaja ba ya cewa ya maimaita. Sannu a hankali in aka buga ƙararrawa daga ofishin Manaja na miƙe, sai masinja ya ce, “Ba kai ba, Yohanna ake kira.” In koma in zauna ina murmushin da bai kai zuci ba.

Wata rana na shiga sito neman wata takarda, ta taga na jiyo Manaja yana gaya wa babban akawu cewa yaron nan zai yi nisa, yana tunanin in dattijon ya tafi ko shi za a ɗora. Babban akawu ya ce, “Shi kuma wancan fa? Ya daɗe.” Manaja ya ce, “Ya daɗe, amma iyakarsa ke nan.” Jama’a, kun san yadda mutum yake ji ya tsaya cikin buhunan gishiri ya ji an yanke masa iyaka? Shekarun da na yi ina shara, ina gudu tasha cikin rana, ina haɗiye tsawa, duk a ce iyakata ke nan, yaron da na kawo jiya ya hau kaina in riƙa miƙe masa? Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na koma gida ban iya cin tuwo ba, kuma tun daga ranar in ya gaishe ni da safe sai in ji kamar yana mini dariya, alhali ba abin da ya canza a wurinsa.

Akwai abu ɗaya da duk wanda ke kantinmu ya sani, ban da shi. Kafin zuwansa an taɓa kama mai awonmu ya karɓi rago daga wani dillali yana ƙara masa nauyin gyaɗa a sikeli. Manaja ya kore shi, ya tara mu a tsakar fili ya ce daga ranar duk wanda ya karɓi kyauta ko ya kawo kyauta, ko ƙwai ɗaya ne, ko shi Manajan aka kai wa, ranar zai bar aiki. Ba a rubuta dokar a ko’ina ba, a baki take, kuma don kowa ya sani ba wanda ya tuna ya gaya wa baƙo. Ni ne ya kamata in gaya masa tun ranar farko. Da farko mantuwa ce, daga baya kuma na tuna na yi shiru.

Ranar wata Asabar mun tashi aiki muna tafe tare, shi zai raba hanya ya nufi Ketaren Gwari inda yake zaune wurin gwaggonsa, sai ya ce, “Yaya, gwajina ya kusa ƙarewa. Akwai abin da ya rage ban yi ba? Ka faɗa mini, ba na son in ba ka kunya.” Ku ji fa, ba ya son ya ba ni kunya. Sai na ji bakina yana cewa, “Ka taɓa zuwa gaida Manaja a gida?” Ya ce a’a. Na ce, “Haba Yohanna, mutum ya ɗauke ka aiki, ya riƙe ka kamar ɗa, ba ka taɓa taka ƙafa ka je ka gaishe shi ba? Kuma ai ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, ko a garinku haka ake yi?” Ya ce, “Turawa suna karɓa?” Na ce, “A mishan ba ku kai wa Turawanku ƙwai da kaji?” Ya ce suna kaiwa, kuma ana karɓa har a sa musu albarka. Na ce, “To, ka gani. Kowa a kantin nan ya yi, ni ma na yi, ba a dai faɗa ne. Kada ka gaya wa kowa a ofis, kada wani ya ce kana neman fada.” Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya, ya ce da ban faɗa masa ba da ya yi babban kuskure.

Na yi ta gaya wa kaina cewa faɗa kawai za a yi masa, darajarsa ta ɗan ragu a idon Manaja, a bar mini kujerata, shi ke nan. Amma ni wa nake ruɗi? Ina tsaye a filin ranar da aka kafa dokar, da kunnena na ji. Na san abin da zai biyo baya. Mako guda cur ina da damar in ce masa ya fasa, kullum muna zaune tebur na kallon tebur, ban buɗe baki ba.

Yohanna ya aika Garatu. Baba da jin saƙon ya shiga gona ya tono sabuwar doya, ya zaɓi manya-manya waɗanda ko shi bai ɗanɗana ba tukuna, ya haɗa da zakara. Mahaifiyar Yohanna ta ɗauko a kafaɗa yadda matansu suke ɗaukar kaya, tun daga Garatu har cikin gari a ƙafa, Baba yana biye da ita. Ranar Lahadi bayan sun fito coci Yohanna ya sa fararen kayansa ya kai gidan Manaja. Bai tarar da shi ba, sai ya bar wa kuku, ya ce a faɗa masa daga sabon akawu ne mai gwaji. Baba kuwa bai koma gida ba, ya kwana a Ketaren Gwari don ya ji labari mai daɗi da kunnensa, da safe ya biyo ɗansa ya zauna gindin bishiyar da ke tsallaken kanti.

Ranar Litinin motar Manaja ta tsaya, ya sa aka buɗe baya aka zube doyar nan a ƙasa a ƙofar kanti, zakaran a ɗaure yana ta fuffuka a kai. Lebura sun tsaya, dillalai sun tsaya, mata masu sayen gishiri sun tsaya. Ya sa aka kira Yohanna, ya yi masa magana da Hausa don kowa ya ji. Ya ce, “Kana so ka sayi aiki da doya?” Yohanna ya yi tsuru-tsuru, ya ce, “Ranka ya daɗe, gaisuwa ce.” Manaja ya ce, “Gaisuwa ana saura kwanaki in yanke maganar gwajinka? Wa ya ce ka kawo?” Ina tsaye a bakin ƙofa, tsakanina da shi bai wuce in miƙa hannu in taɓa shi ba. Na sha jinin jikina, na ce yau asirina ya tonu. Yohanna ko kallon inda nake bai yi ba. Ya ce, “Ba kowa, ranka ya daɗe. Al’adarmu ce.” Manaja ya ce ya kwashe kayansa ya tafi gida, kada ya sake zuwa sai an neme shi.

Abin da ba zai taɓa fita daga idona ba shi ne Baba. Tsohon nan ya taso daga gindin bishiya, ya tsallako hanya, ya durƙusa a gaban jama’a yana tsince doyarsa ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓe ƙasa, waɗanda suka fashe yana haɗa su. Wani lebura ya yi dariya, wani ya kwaɓe shi. Baba ya ci gaba da tsintar doyarsa. Ni kuma na yi me? Na koma ciki na zauna na buɗe aiki kamar ba abin da ya shafe ni. Da na koma gida da la’asar sai na tarar da doyar a tsakar gidana. Maiɗakina ta ce Baba ne ya kawo, ya ce ba zai iya shiga Garatu da ita ba mutane su tambaye shi, gara ’ya’yana su ci. Ta yi sakwara, yara suna ta murna. Ta ajiye mini tawa, na kasa kai loma ɗaya baki. Ta ce, “Malam, lafiya?” Na ce zazzaɓi ne. Ta ce, “Ai dole, abin da aka yi wa yaron nan ko ni ya tsaya mini a rai. Allah ya isa tsakaninsa da duk wanda ya san dokar ya ƙi faɗa masa.” Na ce amin, da bakina na ce amin.

Na zaci Yohanna zai zo ya zage ni, kuma wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya zo kuwa, amma haƙuri ya zo ba ni. Ya ce, “Yaya, kada ka sa damuwa a ranka. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa mini. Lokacin da kai ka kai taka gaisuwar ai wani Manaja ne, ko? Wannan halinsa dabam.” Shi da kansa yake nema mini mafita. Na ce, “Haka ne.” Ya ce, “Sunanka ba zai fito daga bakina ba. Kai kana da iyali, ga Inna tsohuwa a hannunka. Ni ko an kore ni akwai gona.” Akwai gona! Yaron da Baba ya hana shi riƙe fartanya tun yana ƙarami don ya yi karatu, ƙannensa suna noma shi yana aji, duk Garatu ana cewa ɗan wane ya zama akawu a Minna. Ya koma da wace fuska? Na ce masa Allah zai kawo mafita, na raka shi bakin hanya na dawo na rufe zaure na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

A ofis kuma babban akawu ya fara yi mini wani irin kallo. Rannan muna mu biyu ya ce da Hausarsa, bai ɗago daga aikinsa ba, “Yaron nan ba shi da wayon wannan abu. Wani ne ya tura shi.” Na ce ni ma haka na gani. Ya ce, “Ka gani ko?” Ya ci gaba da aikinsa, ni ma na koma kan nawa.

Ga inda maganar ta tsaya yanzu. Kafin Manaja ya fita rangadin wuraren sayen gyaɗa ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce kukunsa ya gaya masa lokacin da yaron ya ajiye kayan ya ce, “An ce mini haka ake yi.” Ya ce saboda haka akwai wanda ya faɗa masa, kuma wannan mutumin ya san doka. Ya ce, “Kai ka kawo shi, kai ka san gidansu, kai zai faɗa wa gaskiya. Ka samo mini sunan kafin in dawo ƙarshen wata. In na sami suna, yaro ya dawo aikinsa, mai sunan ya tafi. In ban samu ba, na ɗauka dabararsa ce, zan sallame shi ba takardar shaida.” Ku da kuke aiki kun san ma’anar wannan. Wanda aka kora kan cin hanci ba takardar shaida, ba kamfanin da zai ɗauke shi a duk garuruwan da jirgi ke bi, don Turawan nan a kulob ɗaya suke zama, magana ɗaya suke yi. Manaja har ya dafa kafaɗata ya ce ya san ni mai amana ne shi ya sa ya ba ni wannan aiki. Ni aka aika in kamo ɓarawo, jama’a.

Tun ranar ba ni da sukuni. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, ni ma ba takardar shaida, ga ’ya’ya, ga mahaifiyata da ba ta gani sosai, kuma a shekaruna wa zai ɗauke ni ko masinja? Wannan ma da sauƙi a kan ranar da Baba zai ji cewa yaron da ya ci daga rumbunsa shi ya sa shi durƙuso a ƙofar kanti yana tsintar doya. Mahaifiyata in ta ji, ina tsoron abin da zai fito daga bakinta. In kuma na yi shiru, na ce na bincika ban samu ba, Yohanna ya tafi, kujerar ta zama tawa ba gardama. To in zauna a kanta yaya? In ci albashinta in ciyar da ’ya’yana da shi? In tsaya sallah in ce wa Allah me? Har shaiɗan ya raɗa mini in laƙa wa masinjanmu, tunda ba shi da kowa a garin nan. Na yi a’uziyya, amma ku dubi inda zuciyata ta kai, har ta iya kawo wannan tunanin.

Ku samari masu neman aiki da ku da kuka shiga kwanan nan, ko ba ku ba ni shawara ba ku karɓi wannan daga wanda ya cuci irinku. Duk wurin aiki yana da dokokin da ba a rubuta ba, kuma ba mai zuwa ya karanta muku su. Ku tambaya, amma kada ku tsaya ga bakin mutum ɗaya, ko da ɗan’uwanku ne, balle in kujerarku tana kusa da tasa. Duk wanda ya ba ku shawara ya ce kada ku gaya wa kowa, to wannan shawarar ce ya kamata ku fara kai wa wani ya duba muku. Da Yohanna ya tambayi ko mai gadi, da yanzu yana kan teburinsa.

Jiya Yohanna ya sake zuwa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce ya ji Manaja zai kira shi in ya dawo, kuma ba ya son ya sake yin kuskure. Ya ce, “Yaya, ka koya mini abin da zan faɗa masa, kalma-kalma, in haddace. Baba ya ce kada in ji maganar kowa sai taka.” Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani, ya ce to, ya gode. Zai dawo ya zauna a zaurena ya buɗe kunne, duk abin da na ce shi zai je ya faɗa, ko da shi ne zai kashe shi.

Malam Edita, ku dattawa masu karatu, ku malamai, ku akawuna ’yan’uwana, ku dubi Allah ku amsa mini kafin wata ya ƙare. In je wa Manaja da sunana in jefa ’ya’yana cikin yunwa? In fara zuwa Garatu in durƙusa gaban Baba, in kuwa na je da wane baki zan fara? Ko akwai wata hanya da yaron nan zai koma aikinsa ba tare da gidana ya rushe ba, wadda ni tsoro ya rufe mini ido ban gani ba? Me zan yi?

Naku cikin damuwa,
Wani ƙaramin akawu, Minna.